In Ya Karye, Wa Zai Fara Ɗiba?

Tun ban buɗe baki ba na hango masu taɓe nasu. Dokar karayar arziki, a Dutse? Alhaji mai shagon kayan masarufi a sabuwar kasuwa ya ce wannan zancen 'yan kwat ne na Legas, bai ga abin da ya haɗa shi da shi ba. Malam, daga kan buzunsa a Garu, ya ce boko ne tsagwaronsa, Allah ya kiyashe mu. Hajiya uwar adashi kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ita dai a ba ta kuɗin zubinta, doka ta ji da kanta. To madalla. Ku ukun nake nema. Ku matso, kada wanda ya ce zai je ya dawo.

Alhaji, da kai zan fara, tunda ka fi kowa ɗaga murya. Ka ce a garin nan ba a karyewa. Gaskiyarka, ranka ya daɗe, ni ma ban taɓa jin mutumin Dutse ya ce ya karye ba. Abin da ake cewa shi ne kasuwa ta ɗan yi sanyi. Ko kuɗina sun maƙale a hannun wani a Kano. Ko kaya suna hanya. Kayan nan da suke hanya tun azumin bara, ai ko a kan jaki aka ɗoro su daga Fatakwal da tuni sun iso. Daga nan sai waya ta daina shiga. Sai a ga yaron shago shi kaɗai yana kaɗe ƙura daga kwalayen da aka jera a kan kanta don rufe ido, alhali ba komai a cikinsu. Sai a ji mai shagon ya tafi ganin likita. Duk wannan sanyin kasuwa ne. Na yarda.

Sai dai sanyin ya yi yawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemo farashinta da kanta, ta kuwa nemo mana shi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, Babban Banki kuma ya riga ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5. Dutse kuwa gari ne na albashi. Ma'aikacin sakatariya da malamin makaranta su ne kasuwar. In albashi ya ƙare ranar goma ga wata, sauran kwanakin a littafin mai shago ake cin su. Mai shagon yana cikin littafin dila a kasuwar Singa, dilan yana cikin na kamfani ko na banki. Sai ga 2025 ta zo da nata salon. Waɗanda suka sayi masara da gero da shinkafa da tsada a Shuwarin da Gujungu, suka kulle a sito suna jiran damina ta ninka musu, farashi ya juyo ƙasa ya bar su riƙe da makulli. Da yawansu kuma ba da kuɗinsu suka saya ba. Manomin da ya ɗauki taki bashi da tsada ya sayar da amfani da araha, shi ma ya shigo layi. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma a 'yan shekarun nan hanjin ya kumbura.

Yanzu faɗa mini, ranka ya daɗe, in labari ya fasu cewa wane ba zai iya biya ba, me kuke yi? Kada ka wahalar da kanka, na sani. Dilan Kano, da yake ya fi kowa kunne, yana turo a-kori-kura tun kafin a sallame asuba, a kwashe buhunan sukari da katan-katan na taliya, nasa da waɗanda ba nasa ba. Maƙwabcin shago ya ja janareta ya ce ajiya ya yi. Mai bin kuɗin haya ya kawo nasa kwaɗon ya ɗora a kan na mai shago. Kai kuma ka zaro waya ka lalubo lambar ɗan ƙanwarka da ke caji ofis. Kafin azahar shago ya zama fili, ko sikeli ba a bari ba. Hajiya, wadda zubin mata ashirin yake hannun mutumin nan, sai da la'asar labari zai iske ta, ta zo da mayafi a hannu ta tarar da kwalaye. Ita ce ta fi kowa buƙata, ita ce kuma ba ta samu ko ƙwayar ashana ba. Wannan kuke kira tsarinmu na gida. Wawaso ne, Alhaji, an dai sa masa hula.

Maganar caji ofis ɗin nan kuwa, bari in rage maka kuɗin kati. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki ko ya kasa biyan bashi. Sashe na 36 ya hana a kama wani a madadin wani, wato ɗauko ƙanensa ko matarsa don ya fito ba ya cikin tsari. Kotunan ƙasar nan sun sha faɗa cewa ɗan sanda ba ɗan karɓar bashi ba ne, sun kuma sha cin tarar 'yan sandan tare da wanda ya kai ƙarar. Ka ga ke nan mai yiwuwa ne ka fita bin naira dubu ɗari biyar, ka dawo kai ake bi miliyan. Na ji ka ce, to in ya cuce ni fa? Wannan daban. Wanda ya karɓi kuɗinka da ƙarya, ya nuna maka siton da ba nasa ba, zamba ya yi, laifi ne. Wanda ya rubuta maka cek ya san asusun wayam yake, akwai doka tun 1977 da ta tanadar masa ɗaurin shekara biyu. Amma wanda ya sari kaya da niyyar biya, kasuwa ta kayar da shi, ko ya kwana bakwai a bayan kanta ba zai haifi kuɗi ba. Abin da za ka samu shi ne takardar alkawari da ya sa wa hannu cikin tsoro, da ƙiyayyar danginsa har jikoki.

Allah ya gafarta Malam, na ga kana gyaɗa kai kana jin daɗi an taɓa Alhaji. Saura kai. Ka ce wannan boko ne. Don Allah miƙo mini Muhtasar ɗin nan da ke bayanka, wanda aka naɗe da fata. Shehu Halil ya rubuta shi a Masar tun ƙarni na 14, kuma akwai babi sukutum a cikinsa kan mutumin da bashi ya kewaye dukiyarsa. Risala ta taɓo maganar, Tuhufa da alƙalanmu suke ji da ita ta taɓo ta. Kai ka karantar da su, ni a gefen zaure na tsinta. Tun kafin su ma, Muwaɗɗa ta kawo labarin wani mutumin ƙabilar Juhaina a zamanin Sayyidina Umar, mai sayen raƙuma da tsada bashi don ya riga alhazai isowa. Da ya karye, Umar ya yi shela cewa duk mai bin sa ya zo da safe, za a raba abin da ya mallaka a tsakaninsu. Bai ce wanda ya fi gudu ya kwashe ba.

Dubi yadda malaman Malikiyya suka tsara abin, ka gaya mini in akwai lauyan Legas da ya fi su tsanaki. Da zarar bashi ya fi ƙarfin dukiyar mutum, masu bin sa suna da ikon hana shi kyauta. Suna da ikon hana shi ya ɗauki duk abin da ke hannunsa ya ba mutum ɗaya a cikinsu. In ya tashi ya ce ai ƙanena ma yana bi na miliyan uku, ba a karɓar wannan iƙirarin haka kawai, don an san inda aka dosa. In alƙali ya yanke cewa ya karye, bashin da lokacinsa bai yi ba ma ya zama na yanzu, don kada mai jiran wata shida ya zo ya tarar an share wuri. Sai a sayar da kayansa a gabansa, a bar ƙofar ƙarin tayi har kwana uku. Dabbobi a gaggauta sayar da su, tunda suna ci suna ramewa. Gida da gona a jinkirta kamar wata biyu don a samu farashin kirki. A bar masa abincinsa da na iyalinsa zuwa lokacin da ake zaton zai farfaɗo, da tufafin sawa. Amma rigunan Juma'a in masu tsada ne, a sayar. Alhaji, ka ji, shaddar nan mai aiki har gwiwa tana cikin lissafi. Malam, kada ka yi dariya, littattafai ma an ce a sayar. Har malaman suka tsaya suna kai-kawo a kan ko irin wannan mutum zai iya cike mata huɗu, ko ya tafi hajjin nafila. Ka ga ashe tun a wancan zamanin sun san halinmu.

Rabon kuma irin na watanda ne, kowa gwargwadon abin da ya zuba. A ce ana bin mutum naira miliyan 10. Dilan Kano miliyan 5, mai hatsi a Shuwarin miliyan 3, matan adashi miliyan 2. Aka tattara duk abin da ya mallaka aka samu miliyan 4. Kowace naira ta samu kwabo 40 ke nan. Dila ya tashi da miliyan 2, mai hatsi da miliyan 1 da dubu 200, Hajiya ta koma wa matanta da dubu 800. Ba wanda zai yi guɗa, amma ba wanda aka bari da kwali. Na ji dila yana gunaguni cewa da a-kori-kurarsa da ya kwashe miliyan huɗun gaba ɗaya. Haka ne, yau. Gobe in wanda ya karye a Haɗejiya yake, wani ya riga ka jin labari, kai ne Hajiya. Ban da haka, kayan da aka kwasa a guje rabin kuɗinsu suke yi. Firjin da aka jefa a mota aka fasa masa ƙofa, da buhun da aka farke wajen ja-in-ja, asarar kowa ce.

Kuma dila, kwantar da hankalinka, fiƙihu bai manta da kai ba. In ka zo ka tarar da kayanka su da kansu, buhu hamsin ɗin da ka ba shi suna nan da alamarka ba a taɓa ba, ka fi kowa haƙƙi a kansu, sai fa in sauran masu bin bashin sun zaɓi su biya ka kuɗinsu su riƙe kayan. Wannan in yana raye ne. In rasuwa ya yi, a mazhabar Malik kai da sauran duk ɗaya kuke. A dokar boko kuwa, da zarar ka sayar ka miƙa, kaya sun zama nasa, kai mai bin bashi ne kawai, sai in kun rubuta tun farko cewa kayan naka ne har ranar da ya gama biya. Layi ɗaya ne a jikin rasit. Dilolinmu nawa ne suke rubuta shi? Rasit ɗin ma a bayan kwalin sigari ake yin sa.

Sai jingina. A nan ne Malam da lauya suka yi musabaha ba su sani ba. Dukansu sun ce mai jingina yana gaban layi. Malam ya ce sharaɗin sai ka karɓi abin ya shiga hannunka tun kafin mutumin ya karye, cewa kawai gonata jinginarka ce alhali shi yake nomanta ba ta wadatar ba. Lauya ya ce sai ka yi rajista. In fili ne ko gida, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana neman amincewar gwamna kafin jinginar ta cika. In abin da ake ɗauka ne, babur, ko keken ɗinki, ko injin ban-ruwa, ko shanu, akwai dokar 2017 da rumbun rajista a ƙarƙashin Babban Banki inda ake shigar da su, don kada mutum ya jinginar da injin guda ga mutum uku. Kun san ana yi. Shi ya sa in kamfani ya rushe banki yake fita da murmushi. Ba don ya fi ku kirki ba ne, takarda ya fi ku. Bayansa a biya ma'aikata albashinsu da kuɗin fanshonsu, a biya haraji, sannan a waiwayi irinku masu ai mun saba. Masu kamfanin su ne na ƙarshe, in an rage.

Hajiya, kin yi shiru, kina ganin kamar an bar ki a baya. Kina da asusu a banki? To ke ma mai bin bashi ce, bankin kike bi. Ranar 3 ga Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Hukumar NDIC mai inshorar ajiya ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 kowanne, wanda nasa ya haura haka ya shiga layi yana jiran a sayar da kadarorin bankin a raba. Wannan ita ce dokar da kika ce ta ji da kanta. Da babu ita, da wanda ya san manaja ne zai fita da nasa ta ƙofar baya.

To amma kada 'yan kwat su ɗauka na zo yi musu kirari. Dokar karayar ɗaiɗaikun mutane a Najeriya ta 1979 ce, an ɗan taɓa ta a 1992, kuma har yau tana cewa wanda yake bin naira 2,000 zai iya neman kotu ta ayyana mutum a matsayin karyayye. Naira dubu biyu. Yau ko rabin kaza ba za ta saya maka a bakin titi ba. Dokar da ke tsara yadda ma'aikatan kotu suke kwashe kayan wanda aka yi wa hukunci ta fi wannan ban dariya. Ta ce a bar masa tufafi da shimfiɗa da kayan sana'arsa, amma na kimanin naira goma. Tela ya zaɓi allura ɗaya ke nan, zaren ma sai ya ciko. Shehu Halil da ya ce a bar wa mutum abin da zai ci har ya farfaɗo ya fi su sanin kasuwa, don bai ɗaure abin da adadin da zamani zai cinye ba.

Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 251, ya ba Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai hurumin shari'ar karayar arziki. Tana da reshe a nan Dutse. Alhaji, ka taɓa shiga? Ka taɓa jin wanda ya shiga da wannan maganar? Ni dai na fi jin sunanta a bakin 'yan siyasa lokacin rigimar fid da gwani. Kuma da dalili. Kafin ka kai mutum can sai ka ɗauki lauya, a mafi yawan lokuta sai ka riga ka samo hukunci a wata kotun ya ƙi biya, a ba shi sanarwa, a jira. Kuɗin da za ka kashe ya isa jarin wani. Shi kansa wanda ake bin ba zai kai kansa ba, ko da dokar ta ba shi dama, don a wurinmu a kira mutum matsiyaci a gaban alƙali ya fi ɗaurin zafi. Ga shi kuma kundin ya ce karyayyen da kotu ba ta sallama ba ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa ba. Da ana aiki da dokar nan yadda aka rubuta ta, da bangayen Dutse sun ɗan huta da hotunan takara.

Ta ɓangaren kamfanoni an fi motsawa. Ranar 7 ga Agustan 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta kawo hanyoyin ceto kafin a kai ga rushewa. Kamfani zai iya zama da masu bin sa su yi yarjejeniyar rage bashi ko tsawaita lokaci, in rinjayen da doka ta gindaya ya amince ta hau kan sauran. Ko a naɗa masa mai riƙo, a dakatar da masu kwasar kaya na wani lokaci, a ga ko zai tashi. Hikimar ita ce injin casar shinkafa da yake aiki ya fi amfani ga masu bin bashi a kan injin da aka kwance aka sayar wa 'yan gwangwan. Amurkawa sun daɗe da gane wannan. Kamfanin motoci na General Motors ya shiga kotun karaya a 2009, ga shi nan yana ƙera motoci. Mu ma mun ga hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 don sayen munanan basussukan bankuna, ta karɓi ragamar jiragen Arik a 2017 maimakon ta rufe shi, ko da yake wannan labarin bai yi daɗin na Amurka ba.

Na ga Alhaji ya washe baki, yana cewa ai shi ma yana da satifiket na hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a jikin bango. Ranka ya daɗe, leƙa ka gani, rajistar sunan kasuwanci ce ko kamfani mai iyakantaccen alhaki? In ta suna ce, kai da shagon abu ɗaya ne a idon doka, in ya faɗi har gidanka na Takur ana iya bi. In kamfani ne, shi mutum ne mai zaman kansa, bashinsa nasa ne. Sai dai ranar da ka je karɓar rance, cikin tarin takardun da ka sa wa hannu kana sauri kada Juma'a ta wuce ka, da wuya in babu wadda ka lamunce da kanka. Bankuna ba yara ba ne.

Akwai wani a bayan taro da ya lafe tun ɗazu yana jin daɗi, wai yau an zo kare masu cin bashi. Kai ɗan'uwa, fito fili. Kai ne ka mai da filinka na Danmasara da sunan uwargida sati biyu kafin ka kashe waya? Kai ne aka gani a hoton Umara da sabon agogo alhali mai taki yana zarya a ƙofar gidanka? Fiƙihu da boko duk sun ba alƙali ikon warware kyautar da aka yi don guje wa masu bin bashi. Jinkirin da aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a yi, ga wanda yake cikin ƙunci na gaskiya ne, kuma a wurin malamanmu wanda ba a san halinsa ba ana iya tsare shi har ya tabbatar da babu. Mai hali da ya ƙi biya kuwa, hukuncinsa ya fi haka tsanani. In bashin banki ne, tun Agustan 2020 Babban Banki ya ba su damar bin lambar BVN ɗinka su zaro kuɗinsu daga asusunka na wani bankin. Kuma ka riƙe wannan: kotun tarayya tana iya sallamar karyayye ta yafe masa ragowar, amma a shari'ar Musulunci ragowar tana wuyanka har ranar da ka samu. Kana dai jin abin da ake shelantawa a wurin jana'iza kafin a ta da kabbara, kuma ka san ba a raba gado sai an fid da bashi.

Wanda kuma ya karye da gaske, ba don caca ko holewa ba, yana da wani haƙƙin da ba ma son tunawa. Masu bashi suna cikin kashi takwas na masu cin zakka. Masarautar Dutse ta yi suna wajen tsara karɓar zakka da rabonta tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi. A ganina ɗan kasuwar da ambaliyar 2022 ko faɗuwar farashin hatsi ta durƙusar ya cancanci a dube shi a wannan rabon, ko da yana sanye da tsohuwar shaddarsa. Kunya ce take hana irinsu miƙa hannu, mu kuma muna ganin rigar sai mu ce ai wane yana da hali.

Saura abu ɗaya da na san za ku yi mini ca a kai, rubutu. In aka ce a rubuta bashi sai fuska ta canza: haba, ba ka yarda da ni ba ne? Allah ya gafarta Malam, wace aya ce ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani? Ta 282 a Baƙara. A kan me take magana? Ka ga ka sunkuyar da kai. Mutanen da aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu amana nesa ba kusa ba, ba su kuma ce an raina su ba. Mu ne muke ba da kayan miliyan uku a kan Allah ya kai mu, in an zo gaban alƙali a ce ina shaida, mu ce Allah ne shaida. Shi ne kuwa, amma alƙali ba zai iya aika masa sammaci ba. Yanzu ma abin ya zo da sauƙi, saƙon waya da shaidar tura kuɗi duk ana karɓarsu a kotu. Kano ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2019, inda mutum zai tsaya da kansa ba lauya a gama cikin ɗan lokaci, Jigawa ma ta bi sahu. Kotunan shari'ar Musulunci suna sauraron ƙarar bashi kullum. Duk inda ka je a cikinsu, tambayar farko ita ce nawa ne, yaushe, wa ya gani.

Ban ce ku yi ayari zuwa kotun tarayya ba, na san ba za ku je ba. Roƙona ga shugabannin 'yan kasuwa ne, na Dutse da Shuwarin da Kiyawa da Birnin Kudu, tunda dama ku ake kai wa ƙara kafin kowa. In ɗayanku ya durƙushe, ku sa kwaɗo ɗaya a shagon, makulli a hannun shugaba. Ku yi shela ta sati guda duk mai bi ya kawo shaidarsa. Ku ƙirga kaya a gaban mai su, ku ware na amana da na jingina, ku gayyato malami ko lauya ya zauna da ku, ku raba saura da lissafi, kowa ya sa hannu, a kai wa alƙali ya tabbatar da sulhun. Wanda ya turo mota da asuba ya dawo da abin da ya ɗiba, in ya ƙi a daina ciniki da shi a kasuwar. Hajiya, ke kuma daga zubin wannan watan, kowace mace ta dangwala yatsa a gaban sunanta, kuma kada ki sake ba ɗan kasuwa kuɗin mutane ya juya sai da takarda da shaidu biyu.